Albarkar Fagge da ta Sabon Gari

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da maƙwabcina, muka tari jirgin Kano a Ringim. Kayana ɗauri huɗu ne na fatun awaki, tarin shekara biyu. Niyyata ɗaya ce, jama'a: in sayar in sayo keken ɗinki, don allura ta gama cinye mini yatsu. Jirgi ya cika maƙil, wata tsohuwa ta ɗora mini kajinta a cinya har Kano, ko sannu babu.

A Fagge muka sauka wurin wani Alhaji, Babarbare haifaffen unguwar Kwaciri, dillalin fatu. Zaurensa kasuwa ce guda: mai kaya nan, mai saye can, shi a tsakiya. Aka kwance fatuna, ana ɗaga kowace a rana ana neman huda. Mai saye na farko ya taya da arha, na ce, "Albarka." Na biyu ma haka. Alhaji bai matsa mini ba. Ya ce, "Malam, kayanka ne. Ni haɗa ku nake yi, la'adata sai ka sallama. Riba kuwa ban yi wa kowa alkawarinta ba." A na uku na sallama, kuɗi suka shigo hannuna.

Washegari da hantsi muka gangara Sabon Gari. Kai, gari! Garmaho ta kowace kusurwa. Muka ci shinkafa da wake na taro wurin wata Inna Bayarabiya wadda Hausarta ta fi tawa, barkononta kuwa sai da ya sa maƙwabcina hawaye.

Maƙwabcin nawa ne ya ja ni wani ofis. Wani mai kwat ya ce in ajiye kuɗina wata shida su juya, in dawo in ɗauki na keke biyu. Wallahi zuciyata ta motsa. Keke biyu fa! Na ce, "Ranka ya daɗe, me za a saya da su?" Ya ce sirrin kamfani ne. Na ce, "In cinikin bai yi mini ba, wa zan ce wa a fasa?" Ya yi dariya, ya ce ni dai in kawo, kuɗina za su yi albarka.

Na ce, "To, albarka."

Bawan Allah, ashe Hausar ofis ya iya, bai san ta kasuwa ba. Ya zaci addu'a na yi, ya duƙa neman takarda da tawadar dangwale. Kafin ya ɗago ina bakin titi. Ranar na sayi kekena, baƙi wul, yana ƙyalli.

Abin da na koyo ke nan: a Fagge kayana na gabana, bakina na wurina. A ofishin nan kuwa kuɗin za su tafi su bar ni da jira. Maƙwabcina ya yi ta mita wai na yar da keke guda, ni ko a jikina.

A jirgin dawowa wata ta shigo da kaji tana duban cinyata. Na dafa kan kekena da ke bisa cinyar na ce, "Inna, yi haƙuri, an riga ki."