Jar jitata da lasifikar mai magani

Ko zan manta komai na samartakata, ba na jin zan manta da jar jitar da na saya tun kafin in ɗora mata yatsa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ratsa kasuwar Cadawa na ji ana tallar magani, sai in kama kaina ina murmushi.

Lokacin noman aya nake yi a garinmu, kusa da Agiye. In na dawo daga gona sai in ɗauki tsohuwar jitata ta katako in kaɗa wa 'yan fadarmu, suna shan shayi suna zuga ni. Yabon nan ya kumbura min kai. Da aminina ya sa ranar aurensa, sai na bugi ƙirji na ce kada ya kira makaɗi ko ɗaya, ni zan cika fili da jita mai lantarki irin wadda muke gani a waya. Ya yarda, har ya sanar da dangin amarya can Gazawa. Ni kuwa ko a mafarki ban taɓa riƙe irinta ba.

Na sayar da ayata na damƙa kuɗin a hannun taubashina, ɗan kawuna mai fatauci zuwa Kano. Da ya isa kantin kayan kiɗa ya turo min hotunan jita biyu, ya kira ni.

"Ga su nan, kuɗinsu ɗaya," in ji shi. "Jar sabuwa ce dal, ita ɗai. Baƙar an ɗan mora, amma mai kanti ya ce da akwatinta za a haɗa maka."

"Akwatin mi? Lefe za ni kai?"

"Ni dai ya ce amfili sunanshi."

Ban san amfili ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Na ce dabarar 'yan birni ce, tsohuwar haja suke son liƙa mana, ya ɗauko min ja kawai.

"To," ya ce, "kai ka san kiɗi, ni buhu na sani."

Saura kwana biyu buki jita ta iso. 'Yan fada suka kewaye ni, na zaro ta tana ƙyalli, ja wur kamar tattasai. Na rataya, na gyara tsayuwa, na kai mata yatsa da ƙarfi. Abin da ya fito bai fi kukan sauro ba. Na murɗa maɓallanta kaf, na juya bayanta ina neman wurin sa batir, babu. Igiyar da ta zo da ita ma duka bakin biyu iri ɗaya ne, ba wanda ke shiga soket. A nan na gane cewa akwatin da na raina shi ne muryarta.

Taubashina ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. "Wayyo! Ka auro kyakkyawa, ashe bebiya ce!"

Kowa ya tuntsire da dariya, ban da ango. A hankali ya ce, "Na riga na gaya ma surukaina. Mi za ni ce masu?" Maganar nan ta fi dariyar yi min ciwo, don na san saboda ni ne bai kira makaɗa ba.

Washegari na goya jitar a babur na nufi kasuwar Cadawa. Duk mai gyaran rediyon da na tambaya sai ya girgiza kai. Ina shirin juyawa na ji murya ta cika kasuwa: "Maganin basir! Maganin shawara!" Wani dattijo ne mai tura baro, da batir da lasifika a sama. Na duba bakin igiyar makirfonsa, sai na ga irin na jitata ne sak. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ka bari in gwada wani abu."

Muka jona, na taɓa tsirkiya ɗaya. Wata ƙara ta tashi har jakin mai itace ya zabura. Wallahi saura kaɗan in rungume tsohon nan. Na roƙe shi ya ba ni haya ta yini guda.

"Ba ni ba da haya, ɗana," ya ce. "Inda lasihika ta tahi, nan magani ka zuwa. Ka yi waƙa ɗaya, in yi talla ɗaya."

Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na amince.

Haka muka bayyana a Gazawa ranar buki bayan la'asar, ni da jar jita, shi da baro. Sautin a shaƙe yake fita, amma yana kai wa ƙarshen unguwa, samari suka cika fili da rawa. Ina tsayawa sai Baba ya zare igiyata ya soka tasa: "Ina masu ciwon baya? Ango ma ga naka!" Mata suka ɓarke da guɗa, surukin ango da ake jin tsoro ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kuma sayi ƙulli biyu. Kafin magariba baro ya koma wayam. Ango ya matse hannuna ya ce ba a taɓa buki irin nasa ba, ni kuwa na ji an sauke min dutse daga ƙirji.

Allah ya rufa min asiri, amma ban fita haka nan ba. Daga ranar taubashina ya raɗa min Makaɗin Basir, sunan kuma ya bi ni har 'ya'yana sun san shi.

Abin da na koya shi ne, ba ƙyallin jita ya kusa kunyata aminina ba, jin nauyin cewa "ban sani ba" ne. Da na yi tambaya guda, da baƙar na ɗauka. Kakar da ta biyo baya na je Maraɗi da ƙafata na sayi amfili, kuma sai da na kaɗa waƙa uku a cikin kantin kafin in sa hannu a aljihu.