Katin da Mai Rediyo Ya Zaɓa

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai yanka makulli. Kowa Mai Rediyo yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. A zamaninsa akwatin rediyo abu ne da ake shimfiɗa wa ƙyalle mai ado. In ya kwance bayansa yakan ga komai a sarari, ga waya ja, ga baƙa, kowace an san inda ta fito da inda za ta. Sai ya kasa kunne, ya murɗa, ya ce wa mai kaya, "Dawo jibi da hantsi." Jibi da hantsi kuwa rediyo na magana.

Sannu a hankali aka daina kawo aiki. Ya rufe shagon, ya kwaso ƙarfen dalma da hantsaki da madubin ƙara girma, ya jera su bisa teburin ɗakin baya daga babba zuwa ƙarami.

'Ya'yansa huɗu. Mata uku sun yi aure nan kusa. Auta, namijin, ma'aikacin jinya ne a wata ƙasa mai nisa, shekara shida ke nan. Shi da uban ba su iya waya ba. "Kana lafiya?" "Lafiya lau, Baba." "Yaya aiki?" "Da godiya." "To, ga mamanka." Ba faɗa suka yi ba. Haka dai suke tun Auta na ƙarami, in sun fuskanci juna sai magana ta ƙafe.

A zuwansa na ƙarshe Auta ya bar masa tsohuwar laftof ɗinsa, irin ta masu wasan gem, mai nauyi, madannanta na haske ja. Ya koya masa tseren mota don zolaya kawai, abin kuma ya zauna. Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu tsohon yakan sa abin ji a kunne, ya ga sunan ɗansa ya yi kore a gefen allo, su shiga titi ɗaya. A nan ne Auta yake magana. Idonsa na kan kwana, bakinsa na sakin abin da ke ransa, ciwon bayansa, da majinyacin da ya cika a hannunsa, da wata abokiyar aiki da sunanta ya fara yawa a hirar. Uban ba ya tambaya. Tuƙi yake yi, yana cewa "Uhm," yana shiga rami.

Matsalar ita ce sabis. Na'urar intanet ta mai gidan haya ce, tana can saman bene, bango uku tsakaninta da ɗakin baya, mai gidan kuma ya hana a huda masa bango don jan waya. Ana cikin tsere sai motar tsohon ta daskare, muryar Auta ta kakkarye, allo ya jefo shi waje. Wata Lahadi sau biyar aka yi haka.

"Baba, gaskiya wannan wahala ce," in ji Auta. "Awa ɗaya ce da ni a mako, rabinta ina kallon motarka a tsaye kamar ta yi faci. Katin wayfai ɗin nan ya tsufa. In ba a canja ba, mu haƙura kawai mu koma waya."

Ranar Litinin Mai Rediyo ya sa rigarsa mai guga, ya rungumi laftof zuwa layin masu sayar da kayan kwamfuta. Ya nufi shagon wata mata, 'yar marigayi mai yanka makulli, wadda ya sani tun tana rarrafe a ƙofar shagonsa.

"Kawu, kai ne da gem?" ta ce. "Mama ta sani?"

"Ita ke kawo mini ruwa in na yi hatsari. Nuna mini katin."

Ta kwance bayan laftof, ta nuna masa. Ɗan abu ne bai kai akwatin ashana ba, da wayoyin eriya biyu, fara da baƙa, siraran gaske, kowace da ɗan kai na ƙarfe da ke danne a jikin katin kamar maɓallin riga. Ta ɗauko kati biyu. Na farko ƙanen nasa ne, ya fi shi kama sabis, komai nasa daidai. Na biyu sabon fitowa ne.

Ya sa tabarau ya karanta bayan kwalayen, layi bayan layi, kamar yadda aka koya masa karanta takardar inji. Lambobin na biyu sun ninka na farko. Ya tuna bango uku. Ya tuna muryar Auta tana cewa mu haƙura.

"Wannan nake so."

"Zai shiga ramin, Kawu, amma maɓallansa sun fi naka ƙanƙanta. Kan wayoyinka ba zai zauna a kansu ba. Ɗauki na farko, in ɗaura maka yanzu ka tafi."

"Waya ai waya ce. Eriya nawa na haɗa kafin a haife ki?"

"Na sani. Amma wannan ba a sa mata wuta."

"Ubanki ma haka yake, sai ya koya wa makulli buɗe ƙofa."

Ta yi dariya, ta sa masa a leda. Yana fita ta sake cewa, "Kawu, don Allah kada ka yanke komai." Ya ɗaga mata hannu bai waiwayo ba.

Washegari da safe, hasken taga na kan tebur, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sukurori goma sha ɗaya a murfin kwalba. Katin ya shiga raminsa lafiya. Kawunan wayoyin kuwa suka ƙi zama, yadda ta faɗa. Ya gwada har sau shida. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba yi wa duk wayar da ta ƙi, ya datse kawunan biyu, ya jona ƙarfen dalma.

Sai da ya sa madubi ya ga cewa kowace waya biyu ce a haɗe, zare ɗaya a tsakiya da bai kai gashin kai ba, da saƙa kewaye da shi. Bakin ƙarfensa ya fi wurin liƙin faɗi sau uku. Hannunsa kuma ba na da ba ne. Ɗigon dalma ya sauka ya malale, ya haɗe tsakiya da gefe. Ya sa wuta ya ɗebe, ya sake, har katin ya yi wari.

Matarsa ta leƙo. "Malam, me ke ƙonewa?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin nan naka na san warinsa."

Ya kunna laftof. Ba ta ga sabis ko ɗaya ba, ko na maƙwabta. Ya ɗauko tsohon katin zai mayar, sai ya ga ba sauran kawunan da zai danna masa.

Da ya mayar mata da laftof, mai shagon ba ta ce ai na gaya maka ba, shi kuwa ya fi son da ta faɗa. Ta ce wayoyin sun bi ta cikin murfin allo, sai an yi odar wasu, mako uku ko huɗu.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu ya kira Auta a waya, ya yi masa bayani dalla-dalla, bai rage laifinsa ba.

"Kai Baba, dalma?" Auta ya yi 'yar dariya. "Ba komai. Dama abokan aikina suna ta nemana in shiga rukuninsu ranar Lahadi. Ka huta abinka."

"In an gyara fa?"

"Sai mu gani. Kana dai lafiya?"

"Lafiya lau."

Uwar ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

Mako biyar aka yi. Mai shagon ta sa sababbin wayoyi da katin nan na farko, sabis ya cika fal, bango ukun kamar babu su. Ya tura wa Auta saƙo cewa an gyara. Amsa ta zo bayan kwana biyu, hoton babban yatsa.

Har yanzu yakan sa abin ji a kunne ranar Lahadi. Sunan Auta yakan yi kore, da ɗan rubutu a ƙasa cewa yana cikin wani wasa da mutum huɗu. Akwai wurin da ake dannawa a gayyace shi, tsohon ya san wurin, bai taɓa dannawa ba. Bikin Auta da abokiyar aikin nan, a bakin uwar Auta tsohon ya ji an sa rana.