Mai jinin yana bayan tagata

Jama'a, ku ji inda muka samo jini yau!

Da hantsi aka kawo wata mai naƙuda asibitinmu na unguwar Poumpoumré a Garwa. Ta zubar da jini sosai, kuma irin nata yana wuyar samu. Dokta ta leƙo ofishina ta ce, "Halima, duba mana rajistar masu ba da jini, maza!"

Na rubuta wa kwamfuta tambayar, ta tsaya tana ta juyi. Shiru, shiru! Sai na buɗe tsarin da take bi wajen nema. Ashe sunayen Garwa har Maruwa take karantawa ɗaya bayan ɗaya, don yadda na rubuta sharaɗin ya hana ta bin fihirisa, wato jerin da ke kai ta ga suna kai tsaye. Na gyara layi ɗaya, nan take sunaye uku suka fito.

Na kira na farko. Sai waya ta yi ƙara a bayan tagata! Malam Bakari ne, mahaucin da ke gasa nama a ƙofarmu.

Ya ce, "Hajiya, na nawa za a kawo?"

Na ce, "Yau jininka muke roƙo, Malam."

Ya wanke hannu ya shigo, aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. Matar ta haifi mace, dukansu lafiya.