Akwatin Baffa

Ƙanshin kafur ne ya tsayar da ni a wani lungu na kasuwar Murshid a Dubai, tsakanin masu ɗaure kayan da za a aika ta jirgi. Nan take na ga kaina a tsakar gidanmu, ina yaro.

Duk bazara kakata takan jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta, ta shanya littattafan baffa, yayan mahaifina, a kan tabarma saboda gara. Manya ne, da zanen ƙashi da jijiyoyi, suna ta ƙanshin kafur. Baffa kuwa sai ya saɓi fartanya ya fice. Bai taɓa kallonsu ba.

Saura shekara guda baffa ya gama karatun likita a jami'a kakanmu ya rasu. A wajenmu babban ɗa ke riƙe gandu, gonar da duk gidan ke ci daga cikinta. Dattawa suka aika masa: ya zo a yi sadakar arba'in, sai ya koma. Ya zo. Damina ta faɗi, aka ce ya bari a yi shuka. Kaka ta yi, aka ce ya bari a cika rumbu. Na taso na iske shi da kantar hannu, yana duba wa maƙwabta takardar magani.

Ni ma a Dubai na kai shekarar ƙarshe, ina aiki da rana, ina karatu da yamma. A ajinmu Indiyawa da Larabawa kan gama su sa rigar yaye. Baƙaƙen fata kaɗan ne ke kaiwa, kuma ko a cikinmu ba ɗaya muke ba. Abokan ɗakina a unguwar Muraƙƙabat, 'yan Legas da Ankara ta Gana, in an yi musu rasuwa cewa ake su zauna su gama. Mu 'yan Arewa kiranmu ake yi. Wannan abu yana ci mini rai, ba kuma ƙwaƙwalwa suka fi mu ba.

Shekarar korona mahaifina ya rasu, ni ne babban namiji a gidan. Da aka buɗe hanya baffa ya kira ni, ya tsufa, idonsa ya tafi.

"Ka zo a yi addu'a kawai, sai ka koma."

"Baffa, in na fita biza ta mutu."

"Allah zai kawo wata," in ji shi. Muryarsa ta nuna ya san ba haka ba ne.

Yanzu kiran ta waya yake zuwa, ba ɗan aike ba, iyakar abin da ya canza ke nan. Na shiga shagon da ƙanshin ke fitowa na sayi kafur ƙulli biyu, na zuba a kwalin littattafaina da zan tafi da shi gida.