Na Je Lungun Tekun Yaya Mamman, Na Tarar Da Benaye

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Mamman a nan Doha, kuma na ɗauka babu sauran abin da zai girgiza ni a kan rashinsa. Ashe da saura. Juma'ar da ta wuce na tsaya a bakin titi tare da 'yarsa Rukayya, baki buɗe, ina neman teku na rasa. Teku fa, jama'a, ba allura ba!

Yaya direba ne a gidan wani Balarabe, shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan. Ina sauka ya ce zai kai ni in ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Muka yi arewa, muka wuce benayen West Bay, har muka isa wani ɗan lungu inda teku ya kutso cikin ƙasa ya lanƙwashe kamar bakin ƙwarya. Ruwan ya ja baya can nesa, ya bar fili fetal, yashi a daddale. Yaya ya ɗaga kai, babu ko ɗigon gajimare, sai ya shiga da motar kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake wa aiki, har tsakiyar filin ya kashe. Mu mutanen Gumel ne. A wajenmu ruwa ba ya zuwa sai ya yi sallama: hadari ya haɗu, iska ta taso, a yi tsawa. Wa ya taɓa gaya mana akwai ruwan da ke tafiya ya dawo kullum, rani da damina?

Muna idar da sallar la'asar a kan tudu muka waiga, sai ga tayoyi sun nutse. Yaya ya ɗora hannu a ka yana ta salati. Wasu masunta ne suka kawo igiya da a-kori-kura suka janyo motar, suna dariya har da riƙe ciki. Kafil ya yi faɗa kamar zai ari baki, daga baya ya ce khalas, wato magana ta wuce, ya bar shi a bakin aikinsa.

Maimakon Yaya ya tsani wurin, sai ya shiga ransa. Duk Juma'a yana can. Wani tsoho cikin masuntan nan ya nuna masa shingen duwatsu da kakanninsu suka jera a cikin ruwa: kifaye su shigo da cikowar teku, in ruwan ya janye ya bar su a ciki. Ya ce kafin a samu man fetur, nan ake janyo jiragen masu nutso neman lu'ulu'u a gyara, domin lanƙwasar tana tare iskar arewa. A kan tudun da muka yi salla kuma mata suke tsayawa jiran mazansu, wasu su dawo, wasu shiru.

Duk hutun da Yaya ya je gida sai Rukayya ta sa ya maimaita mata labarin motar, shi kuma ya yi mata alkawarin kai ta ta ga ruwan da ke zuwa babu hadari. Allah bai nufa ba. Bana ta samu aikin jinya a nan. Da muka dawo daga maƙabarta ta ce, "Baffa, na ga kabarinsa, na yi masa addu'a. Saura ka kai ni inda teku ya kama motar."

Na ce yalla, mu je, har da bugun ƙirji, alhali tun rasuwarsa zuciyata ba ta bar ni na koma ba.

Innalillahi! Babu lungu, babu tudu, babu shinge. An zuba yashi da duwatsu an cike wurin, an shimfiɗa kwalta, an dasa dabinai, benaye sun tashi. Na yi ta zagaye kamar baƙon jiya, zufa na keto mini duk da sanyin mota. Rukayya kuwa sai leƙen taga take yi tana neman ruwan. Da Yaya zai ɗago ya gani, me zai ce? Ina jin hannu zai sake ɗorawa a ka. Shi da ya sha mamakin ruwa ya cinye ƙasa, ga shi ƙasa ta cinye ruwa.

Da na gaji, na gangara wurin ajiye motoci na ƙarƙashin wani bene, wanda a ƙiyasina nan ne tsakiyar lungun. Ina shirin ba ta haƙuri sai na ga ta fita ta nufi bango. Gindinsa a jiƙe yake, farin abu ya bushe a samansa. Ta dangwala, ta kai baki.

"Gishiri ne, Baffa." Sai hawaye, sai kuma dariya. "Ku dai ba kwa jin magana. Ka sake ajiye mota a cikin teku!"

Dariyar ubanta ce sak, mai haɗe da tari. Yaya bai bar gida ko gona a Doha ba, wurin da ya fi so ma an binne shi. Abin da ya rage labari ne guda, da yarinyar da ta riƙe shi har ta biyo shi ƙasar nan, da ruwan da ke zuwa har yau ta ƙarƙashin siminti. Allah Ya jiƙanka da rahama, Yaya, alkawarinka ya cika ko da a gurguje.

Ni kuwa, ɗan Gumel, kafin in tayar da mota sai da na sunkuya na leƙa tayoyin.