Ranar da Keken Yayana Ya Kori Mutane a Hanyar Fakku

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma wunin da na yi ni kaɗai a hanyar Fakku da mataccen keke, wannan kam ba zai taɓa fita raina ba har in koma ga Allah.

Ni malamin firamare ne a Tambuwal, alli na sani, ban san sifana ba. Yayana shi ne mai keken kaya, irin mai ƙafa uku ɗin nan da bodi a baya. Gidansa yana Kebbe, gonarsa kuwa tana wajen Fakku. A tsakiyar daminar shekarar ya rasu bayan jinyar kwana huɗu, ya bar gero yana fitar da kai, ya bar mata da ƙananan yara. Da kaka ta yi, maƙwabtan gona suka yanke geron suka ɗaure, saura kwasowa. Matarsa tana takaba, babu namiji babba a gidan, don haka na taho. Na ce a raina tunda na iya babur, keke ba zai gagare ni ba.

Sawu biyu na yi lafiya. A na uku, bayan Azahar, na ɗora sauran dammunan har suka fi kaina tsawo. Na yi nisa da gonar, na shiga wani wuri mai yashi tsakanin gonakin wake, sai injin ya fara shaƙewa. Na ƙara masa wuta. Sai kawai na ji tau! daga salansa, bututun hayaƙin keken, kamar an harba bindiga a bayan kunnena. Keken ya mutu nan take.

A lokacin hankalin jama'ar yankin ba kwance yake ba, ƙara irin wannan ba abin tsayawa tambaya ba ce. Matan da ke roron wake suka watsar da ƙoransu suka nufi daji. Wani mutum ya yar da lauje ya bi bayansu. Wani mai babur da ya taho ta gabana ya yi kwana a cikin yashi har ya kusa faɗuwa. Na miƙe tsaye ina ɗaga hannu ina ihu, "Keke ne! Jama'a, inji ne!" Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Ban ga laifinsu ba, da ni ne ma haka zan yi.

Kafin ka ce me, wurin ya yi tsit. Sai kukan kurciya da ƙamshin mai.

Na taka kik sau uku, a na huɗu ya sake harbawa, ya fi na farko ƙarfi. A nan jikina ya yi sanyi. Na gane duk takawar da na yi ina ƙara korar wanda zai taimake ni ne, kuma in labari ya kai ga masu tsaron ƙauye, ba lalle su tsaya jin bayanina ba. Na duba waya, babu sabis. In bar keken in tafi a ƙasa kuwa, abincin marayu na shekara ne a kansa.

Na ɗaga kujera don neman kayan gyara. Na same su a naɗe cikin wata tsohuwar rigar yayana, shuɗiya, wadda na san shi da ita shekaru. Har yanzu warin zufarsa da baƙin mai yana jikinta. Tun ranar jana'iza ban yi kuka ba, don kowa ni yake kallo. A nan, da babu mai kallo, na zauna a yashi na yi shi sosai.

Sau nawa yayana ya ce in zo in ga yadda ake gyaran keken, ina ce masa ina da makin jarrabawa? Abin da kawai ya zauna mini shi ne maganar da yake yawan yi: "In inji ya ƙiya, ka bi shi ɗaya-ɗaya. Mai, sannan wuta, sannan iska."

Na zare tiyon mai, ya zubo sosai. Na kwance fulogi da ƙyar, na same shi baƙi ƙirin, na kankare shi da bakin sukudireba. Na jingina shi da jikin inji yadda na taɓa ganin ana yi, na taka, wuta ta ja ni har gwiwar hannu. To, akwai wuta ke nan. Na mayar, na yi bisimilla, na taka. Tau! Na uku ke nan. Na buɗe gidan iska, na kakkaɓe soson ciki, na mayar, amma na kasa samun ƙarfin halin sake takawa. Iyakar ilimina ke nan.

Na yi alwala da ragowar ruwan gorata, na yi La'asar a inuwar dammunan. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan sallar ba. Inuwa tana ta tsawo, hanya babu ko akuya.

Ina zaune sai ga wani tsoho ya ɓullo, yana kora jaki da kayan harawa, yana tafe a natse kamar babu abin da ya faru. Ya yi sallama da ƙarfi, ya ce, "Ɗana, ina mutane sun ka shiga? Tun can nika ganin ƙorai yashe."

Na ce, "Baba, ba ka ji ƙara ba?"

Ya kanga hannu a kunne. "Mi ka ce?"

Ashe kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Da ihu da nuni na fahimtar da shi. Ya yi dariya har da tari, sannan ya dubi keken, ya dube ni. "Wanga keke na san shi. Kai ƙanen marigayi ne?" Na gyaɗa kai. Ya yi masa addu'a, ya ɗaure jakinsa a jikin wata sabara, ya zauna.

Na ce da ƙarfi, "Baba, ka wuce, yamma ta yi!"

Ya ce, "Ni ban san komi ga inji ba. Amma ba ni barin ka kai ɗai. Yi aikinka, ina nan."

Ya ciro gyaɗa daga aljihu ya zuba mini a hannu. Ikon Allah, zaman nan nasa kawai sai na ji kaina ya dawo. Na tuna iska ba a soso kaɗai take tsayawa ba, tana da hanyar da take bi. Na kwanta a ƙasa na bi ta da yatsa, har na kai wata baƙar roba da ta haɗa kafireta da inji. Ta sama lafiya lau take. Da na lanƙwasa ta, sai ga tsaga ta ƙasa, ɗan yatsana yana shiga. Ta nan yake zuƙar iska fiye da kima.

Na nuna wa tsohon. Ya tashi ya kwance igiyar robar taya da ya ɗaure harawarsa da ita, ya miƙo mini. Na naɗe tsagar tam, na ɗaure. Na taka sau ɗaya, shiru. Na biyu, injin ya kama, ya zauna daidai. Tsohon bai ji ba, sai da ya ɗora tafinsa a bodi ya ji yana karkarwa, sannan ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi! Shina rawa!"

Na roƙe shi in kai shi gida, ya ce wa zai kai jakin? Ko sunan ƙauyensu ban tambaya ba, abin da nake nadama ke nan har yau.

Ana kiran Magariba na shiga Kebbe. Labari ya riga ni isa, wai an ji harbi a hanyar Fakku. Na tarar da yaran sun yi cirko-cirko a ƙofar gida. Daga bayan ƙyaure na ji muryar matar yayana tana cewa: "Malam, kai ne? Don Allah kai ne?" Na ce ni ne, ga gero ya iso duka. Sai ta fashe da kuka.

A da, in na ga mutum ya maƙale a hanya, nakan wuce in ce ai ni ba makanike ba ne, me zan yi masa? Wannan wunin ya koya mini cewa wanda ke cikin matsi ba kullum gwani yake nema ba. Sau da yawa abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya da zai tsaya a gefensa har hankalinsa ya dawo jikinsa. Wannan kuwa kowa ya iya shi, don haka na daina wucewa.