Jinyar Mama Ta Taga

A shekarar da korona ta shigo ina koyarwa a wata firamare a Samaru, inda nake zaune da mijina da 'ya'yanmu. Mahaifiyata kuwa tana Sabon Gari, a ɗakin da suka zauna da Baba tun yana aikin reluwe. Bayan rasuwarsa mun yi mun yi ta dawo wurinmu, ta ƙi. Ta ce cocinta na nan, kasuwarta na nan, me za ta yi a Samaru ban da kallon 'yan jami'a suna wucewa. Daddawa da kuka take sayarwa, kuma ta daɗe tana fama da ciwon suga.

Da gwamnati ta hana fita, aka rufe makarantu da kasuwanni, aka hana taro a coci da masallaci. A falo muka yi Ista, mijina ya karanta mana nassi, muka kira Mama a waya ta sa mana albarka. Ba a daɗe ba bayan nan, wata safiya maƙwabciyarta ta kira ni. 'Yar ƙabilar Ibo ce mai sayar da garin rogo, sun yi shekaru ƙofa da ƙofa. Tana haɗa Hausa da Turancin buroka ta ce mini Mama na tari, jikinta ya yi zafi, ko zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta, kuma Mama ce ta hana a gaya mini.

Mijina ya ari motar wani abokinsa. A Kwangila jami'an tsaro suka tsayar da mu, muka yi bayani, suka bar mu muka wuce. Na sami Mama zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyinta.

"Wa ya ce ki zo?" ta ce. "Zazzaɓin sauro ne, na sha magani."

Kafin ta ƙarasa maganar numfashi ya gagare ta. Muka fara kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi da ta saba zuwa. Nas ɗin da ke wurin ta san Mama sarai, amma daga bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce mu yi haƙuri, ba su da kayan kariya, an kuma umarce su duk mai tari da sarƙewar numfashi su tura shi babban asibiti. A lokacin na ji haushinta. Yanzu in na tuna cewa ita ma tsoro take ji, ba na iya riƙe ta a zuciya.

Babban asibitin da na sani da cunkoso ya koma wani wuri dabam. An kafa rumfa a ƙofar shiga, ga bokiti mai famfo da sabulu, kowa sai ya wanke hannu an ɗora masa na'urar auna zafi a goshi. Da aka auna Mama, aka ware mu gefe. Wani likita sanye da fararen kayan leda tun daga kai har ƙafa ya maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, ya duba, ya kira a kawo keken marasa lafiya. Ya ce iskar da ke jininta ta yi ƙasa. Za su ɗauki majina daga hancinta a kai gwaji, amma ba za su jira sakamako ba, za su kwantar da ita a sashen da aka keɓe, su sa mata iska.

Na ɗauko tabarmata da fulas da zannuwa daga mota. Haka muka tashi muka gani: in naka ya kwanta asibiti, kai ne mai jinya, ka kwana a gefen gadonsa, ka ba shi abinci a baki, ka juya shi, ka kai shi bayan gida. Haka na yi wa Baba har ya cika.

"Ba za ki shiga ba, 'yar'uwa," likitan ya ce. "Ba wanda zai shiga."

"Wa zai kula da ita? Ba ta cin abincin kowa."

"Mu za mu kula da ita. Ke ma yanzu gida za ki koma ki zauna, za a zo a gwada ki."

Mama ta ɗaga abin iskar da aka riga aka ɗora mata a baki ta ce, "Ki tafi, kada ki yi musu gardama. Ki gaya wa maƙwabciyata ta kulle mini ɗaki."

Washegari ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma suka zo gidanmu. Shugabarsu wata Hajiya ce mai matsakaicin shekaru, hijabi da takunkumi sun rufe komai sai idanu. Watan azumi ne, zafin bazara kuma ya kai maƙura. Na miƙa mata ruwa kafin na tuna, ta ce na gode, Malama. A tsakar gida ta tsaya ta tambaye ni duk wanda Mama ta yi mu'amala da shi. Suka gwada mu, suka ce mu killace kanmu mako biyu. A Sabon Gari ma sun je sun yi feshi, sun gwada mutanen gidan. Da motarsu ta bar layinmu, na ga labule na motsi a gidaje da dama. Mai kawo mana ruwa a kura ya daina zuwa. Matar wani malamin jami'a da ke bayanmu ce ta riƙa ajiye mana cefane a bakin get, ta ƙwanƙwasa ta tafi.

Sakamako ya fito, Mama na da cutar, mu ba mu da ita. Kullum da safe Hajiyar nan sai ta kira ta ji ko wani ya fara tari, in na tambaye ta labarin Mama ta ce za ta bincika, kuma takan sake kira. Akwai wata nas a sashen, 'yar kudancin Kaduna ce daga jin harshenta, da ke kanga wa Mama waya a kunne. Ita ta gaya mini Mama ta ƙi shayin asibiti, sai da ta dama mata kunu daga gida.

Da kwanakin killacewarmu suka cika, na roƙi likitan, ya yarda in zo ta bayan ginin. An ja igiya nesa da bangon, daga nan ake hangen tagar gilas. Nas ɗin ta turo gadon kusa, ta ɗaga kan Mama. Ta rame ƙwarai, gashinta fari a tsefe, ita da ko gyara shimfiɗa ba ta yi sai da ɗankwali. Muna kallon juna, muna magana ta waya.

"Kin yi baƙi," ta ce. "Ba kya cin abinci ne?"

"Ina ci, Mama. Yaya jikin?"

"Yaran nan suna ƙoƙari. Ban san fuskar ko ɗaya ba, da murya nake gane su. Wannan," ta nuna nas ɗin da haɓa, "gumi har cikin takalminta. Ki yi mata addu'a."

Ba ni kaɗai ba ce a bakin igiyar. Akwai wani dattijo daga Hanwa da matarsa ke ciki, yakan zo da carbinsa ya tsaya can gefe. Ba mu taɓa tambayar juna suna ba. In ya iso ya ce yaya mai jiki, in ce da sauƙi, yaya taku. Matarsa ta warke, na ga ranar da aka sallame ta, ma'aikata na tafa mata. Ya juyo ya ce mini, "Allah ya tashi kafaɗun taku."

Mama ba ta tashi ba. Sugan ya ƙi sauka, huhun ya ƙi karɓar iska. Wata ranar Laraba da hantsi likitan ya kira ni da kansa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce sun yi iyakar abin da ke hannunsu, kuma nas ɗin na riƙe da hannunta lokacin da ta cika.

Ba a ba mu gawa mu yi mata wanka ba. Ma'aikatan lafiya ne suka shirya ta, su suka ɗauko akwatin a motarsu, mutane kaɗan aka yarda su shiga maƙabarta: ni, mijina, fasto, da wani dattijon coci. Yayana yana Legas, an rufe iyakokin jihohi, ta waya ya saurari addu'ar. Abin da ban zata ba shi ne matan zumunta na cocinsu. Mama ta yi shekaru tana rera waƙa tare da su a jana'izar mutane. Da muka biyo ta layinsu a Sabon Gari, sai ga su a ƙofofin gidaje, kowacce ta ɗaura zanen zumunta, nesa da juna, suna waƙa ta cikin takunkumi. Maƙwabciyarta na tsaye tare da su, ba ta iya waƙar ba, kuka kawai take yi. Direban motar asibitin ya rage gudu har muka fita layin, ba wanda ya roƙe shi.

Sai cikin damina aka buɗe hanyoyi yayana ya zo. Daga tasha ya ce in kai shi kabarin. Ciyawa ta riga ta rufe shi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tambaye ni abin da na san yana cinsa tun ranar.

"Kin ga fuskarta? Kin tabbata ita ce aka sa a ciki?"

Na ce na gani. Kafin su rufe akwatin, nas ɗin ta sa aka buɗe mini gefen fuskar, na duba daga nesa. Ta ɗaura mata ɗankwali, irin ɗaurin da Mama ke yi na zuwa coci.

Ya gyaɗa kai. Ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, muka durƙusa muka fara cire ciyawar da hannu.